Abin da ɗinkin siket ɗin 'yan rawar bale ke koya wa tela

Sunan kansa yakan sa Bahaushe murmushi, domin "tutu" Turawa ke ce wa siket ɗin 'yan rawar bale (rawar Turawa ta kan dandamali, wadda mata kan yi a kan tsinin yatsun ƙafa), mu kuwa mun san abin da ake kira haka a gidajenmu. A bar wannan. Duk wanda ya zauna koyon ɗinkinsa, abin da zai fara ganewa shi ne ƙafar mai rawa ce ke yanke tsawon siket ɗin da taurinsa, tela bin ta kawai yake yi.

A farkon ƙarni na 18 matan Paris cikin manyan riguna masu jan ƙasa irin na fada suke rawa. Marie Camargo ta rage tsawon tata har idon sawu ya fito, don a ga yadda take buga ƙafa da ƙafa a sama in ta yi tsalle. A 1832 Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide da farin siket shara-shara, falle kan falle, ya sauko tsakiyar ƙwauri. A kan tsinin yatsu take rawa, ana son a gan ta kamar iska ce ke ɗauke da ita, sai aka zaɓi yadin da ba shi da nauyi.

Wannan rashin nauyin ya ci rai. A lokacin fitilun gas ne ke haska dandamali, yadin kuwa da ya ji wuta sai ya tashi gaba ɗaya. Akwai maganin da ake jiƙa yadi da shi don kada ya kama, amma yana sa shi tauri da dishi-dishi, shi ya sa wata 'yar rawa, Emma Livry, ta ƙi shi. A Nuwamban 1862 siket ɗinta ya kama da wuta wajen gwajin wasa a Paris, ta yi jinyar wata takwas, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20. Ragar nailan da ake aiki da ita yau narkewa take yi, don haka ba a ɗora mata dutsen guga kai tsaye. Da tururi ake kwantar da ita.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 rawar ta koma ta juyi da sauri. A 1895 a St Petersburg ta Rasha, Pierina Legnani 'yar Italiya tana juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya a wasan Swan Lake. Mai kallo yana son ganin gwiwa da cinya, sai siket ya yi ta hawa sama, har aka kai ga wanda ke miƙewa daga kwatangwalo kamar faifai.

A wannan na faifai ne tela ke shan aiki. Kashi uku ne: rigar sama mai shafi mai ƙarfi da 'yan sanduna a ciki, ɗamarar da ke kama daga ƙugu zuwa kwatangwalo, sai kamfai, wanda a jikinsa ake ɗinka ragar. Sabon hannu yakan ɗauka a ƙugu ake tattara ragar kamar siket ɗin 'yan biki. In aka yi haka ƙugun mai rawa ya ɓace, kuma namijin da zai riƙe ta ya juya ta ya rasa inda zai sa hannu.

Hawa 10 zuwa 12 ake yi na raga mai tauri, abin da kan ci yadi goma ko fiye. Na ƙasa kusa da cinya faɗinsa kamar inci 2, kowane na samansa ya ɗara shi da inci ɗaya ko ɗan fiye da haka, na ƙarshe ya kai inci 13 zuwa 15 gwargwadon tsayin mai sawa. Gajeriya in aka ba ta mai faɗi sai ya haɗiye mata ƙafa. Tsawon kowane falle aƙalla ninki uku na zagayen da zai zauna, a tattara shi daidai wa daida. Inda tattarar ta taru wuri guda, nan faifan zai kumbura, ɗaya gefen ya langaɓe. Layukan kuwa a zana su a jikin kamfan tun kafin a hau keke, kusa da juna, domin in tazara ta yi yawa hawan ƙasa ba zai tallafi na sama ba.

A ɗaya daga cikin hawan tsakiya ake zura waya zagaye. Daga nan sai aikin hannu: a bi da allura a kama falle da falle. Nan ne ake gane gwani. In zare ya ɗaure da yawa siket ya zama katako, in ya yi sako-sako hawa-hawan su buɗe kamar kazar da ta tashi faɗa. Kwalliya a wani falle daban ake yin ta a ɗora a sama, kuma ba a sa duwatsu ko wani abu mai kaifi a ƙugu, saboda suna yanka hannun abokin rawa. A baya ƙugiyoyi ake sawa layi biyu ko uku maimakon zif, don siket ɗaya ya shiga mutum fiye da ɗaya.

Ita ma wayar tana da aibinta. In 'yan rawa suka jeru kusa da juna faya-fayan na karo, kuma mai rawa za ta tsaya cak siket bai daina rawa ba. Barbara Karinska, mai ɗinka wa 'yan rawar George Balanchine, mai tsara rawar bale, kaya a New York, ta magance wannan a 1950: ta cire wayar, ta rage hawa zuwa 6 ko 7, ta gajarta su, ta kama su sako-sako, sai siket ya koma bin jiki.

Ba a tsoma shi a ruwa gaba ɗaya, ragar za ta saki. Wuraren gumi ake fesa wa sifirit, in ya zama dole a farke rigar sama a wanke ta daban. Wajen ajiya a shimfiɗe shi, ko a rataye shi a kife ta kamfan, domin in aka rataye shi yadda ake sa shi nauyinsa zai ja hawa-hawan ƙasa.