Sodiyam ya zauna, layi ya daina zamewa

'Yan'uwa masu koyon kwaikwayon jijiya a kwamfuta, albishirinku. Jiya bayan Isha'i ƙwayar jijiyar da nake ginawa da yaren kwamfuta na Python ta nutsu.

Kun san lissafin Hodgkin da Huxley na 1952, mai bayyana yadda jijiya ke bugun lantarki, ya bar sodiyam ɗin cikin ƙwaya a tsaye, ba hawa ba sauka. Su kam sun yi daidai, don jijiyar sukwid (wata dabbar teku) da suka auna kauri gare ta, ɗan abin da ke shiga a kowane bugu bai taka kara ya karya ba. Amma zaren jijiyar ƙwaƙwalwa da kaurinsa bai kai maikiromita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) ba, nan da nan sodiyam ke taruwa a cikinsa. Shi ya sa na bar sodiyam ɗin ya riƙa hawa da sauka, na kuma ɗaura famfon da Jens Skou ya gano a 1957, mai fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2.

Daga nan wahala ta fara. Ba a taɓa ƙwaya ba, amma layin ƙarfin lantarkinta da ya kamata ya kwanta a milibolt -65 sai zamewa ƙasa yake yi, sodiyam da na fara da milimola 10 (ma'aunin yawansa a cikin ƙwaya) yana ta tsiyayewa. In rage wa famfo ƙarfi, sodiyam ya tumbatsa. In ƙara, ya ƙafe. Na mayar da tazarar lokacin kowane taki na lissafi 0.01, ba abin da ya sauya sai zafin kwamfuta. Ana cikin haka batiri ya mutu, kuma kuɗin sabon da na saya a kasuwar Wunti har yau yana ci mini rai.

Ashe yoyo guda ɗaya da ke cikin lissafin asali, wato ɗan lantarkin da ke tsiyaya ta fatar ƙwaya ko tana hutu, bai fayyace wane sinadari ke bi ta cikinsa ba. Na raba shi biyu, na sodiyam daban, na fotasiyam daban, na saita su har abin da ke shiga lokacin hutu ya yi daidai da abin da famfo ke kwashewa. Layi ya miƙe sarai!

Yanzu in na sa ƙwayar ta yi bugu a jere, sodiyam ya taru, famfo ya ƙara wuta, ya ja ta ƙasa da ma'aunin hutu na wasu daƙiƙu. In na sake tsokanarta a lokacin, bugun da take bayarwa ya ragu. Wallahi sai da na tashi tsaye.

Saura in ɗaura mai musayar da ke shigo da sodiyam 3 ya fitar da kalsiyam 1. In sodiyam ya yi yawa a bakin jijiya yakan iya juyawa ya shigo da kalsiyam, saƙon da ake sakar wa ƙwaya ta gaba ya ƙaru. Wanda ya taɓa haɗa shi, da wane ƙarfi ya fara?