Abin da nake fara dubawa a kwamfutar mai neman aiki

Mu biyar ne a ɗan kamfaninmu a Kano, ni da yara huɗu masu rubuta manhaja. Yawancin aikinmu na shagunan magani ne da makarantun kuɗi: lissafin kaya, rasit, sakamakon jarrabawa. Duk wanda ya zo neman aiki, kafin in tambaye shi wane harshen rubuta manhaja ya iya, Python ko PHP, sai in ce ya buɗe kwamfutarsa in ga yadda ya shirya wurin aikinsa. Ko tela daga kekensa ake fara gane shi.

Da muka fara, a filash muke miƙa wa juna aiki. Wata rana yaro ɗaya ya gyara lissafin rangwame a manhajar wani shagon magani, ɗan'uwansa ya zo ya ɗora tsohon fayil a kai bai sani ba. Kwana uku shagon na sayar da magani ƙasa da kuɗinsa kafin Alhajin ya kira ni, ransa a ɓace. Tun ranar na wajabta Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen aiki. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, kuma kowane canji yana ajiye shi da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi. Kowa zai cire reshensa ya yi aiki, ba a haɗawa da uwar aikin sai wani ya duba. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne tarihin aikin gaba ɗaya yana kwamfutar kowa. Intanet ta ɗauke ko data ta ƙare, aiki na ci gaba, in ta dawo a tura GitHub, shafin intanet da ake ajiye aikin Git a kai.

Rubutun kansa a VS Code muke yi, wanda Microsoft ta fitar a 2015, kyauta ne. Kana rubutu yana ja wa kuskure jan layi a ƙasa tun kafin ka ɗaga hannu, ka fara suna ya ƙarasa maka. Ka danna F12 a kan sunan wani aiki ya kai ka inda aka rubuta shi, ka danna F2 ya canja sunan a duk inda ya bayyana. Da can wannan aikin yini guda ne, kuma sai an manta da wuri ɗaya.

Amma wanda nake zama in koya wa kowane sabon yaro da kaina shi ne ɗigon tsayawa. Ka dasa jan ɗigo a gefen layi, manhaja ta zo nan ta tsaya cak, ka leƙa abin da ke cikin kowace ma'ajiya. Haka muka kama dalilin da ya sa rasit ɗin wata makaranta ke rasa kobo ɗaya: kuɗin a lamba mai ɗigo aka ajiye shi, ita kuwa kwamfuta ba ta riƙe irin waɗannan lambobi daidai. Muka koma lissafi da kobo zalla.

Docker, wanda ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta, ya kashe mana gardamar "ai a tawa kwamfutar yana yi", sai dai yana cin ƙwaƙwalwa, dole na ƙara wa kowa zuwa giga 16.

Gwaji ne muka makara a kai. Yanzu duk wanda ya tura aiki, GitHub Actions, wani sashe na GitHub, na gudanar da gwaje-gwajenmu da kansa don a ga ko manhajar na aiki daidai, in ɗaya ya faɗi ba a haɗawa, ko ni na rubuta. Copilot kuma, AI ɗin da ke ba ka shawarar layukan da za ka rubuta, na bar wa manyan yarana, domin yana rage wahala sosai. Sabon shiga ba ya taɓa shi sai ya yi wata shida, don sai ya iya gane layin da aka ba shi ba daidai ba ne kafin sunansa ya hau kansa a Git.