Wasiƙa daga Birmingham: bayan an ɗinke ƙirji

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman iyaye mata.

Ina rubuto muku daga Birmingham ta Ingila, inda nake aikin jinya a ɗakin kula da jariran da aka yi wa aikin zuciya. Wata 'yar uwa ce ta kira ni daga Kano, hankalinta a tashe. Shekarun baya dangi suka haɗa kuɗi aka kai ɗanta Indiya aka yi masa aiki, yanzu kuma ko ɗan gudu ya yi sai haki. Na tambaye ta rabon da a yi masa hoton zuciya, wato eko. Ashe tun da suka sauka daga jirgi ba su sake ganin likitan zuciya ba, a ganinta ai an gyara an gama. Ban ga laifinta ba, domin ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani da Hausa.

Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da matsalar zuciya. Ta yaron nan ita ce wadda ake kira da sunan likitan Faransa Fallot: lahani 4 a zuciya guda, manyansu rami a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa (na dama da na hagu), da ƙuncin hanyar jini zuwa huhu. Shi ya sa kafin a yi masa aiki leɓensa kan yi shuɗi in ya yi kuka.

Daren farko bayan aiki shi ne namu. Zuciyar da ba ta wuce dunƙulen hannun jaririn ba an tsayar da ita, na'ura ta riƙe aikinta, don haka takan farfaɗo a kumbure, a gajiye. Ƙarfinta kan ragu tsakanin awa 6 zuwa 18 da fitowa daga tiyata. Kowace awa muna auna fitsari, mu taɓa tafin ƙafa mu ji ɗumi ko sanyi, mu ƙara ko mu rage maganin milrinone da ke taimaka mata bugu. Wani lokaci ma a bar ƙashin ƙirji a buɗe kwana ɗaya ko biyu har kumburi ya sauka. Alhamdulillahi, a nan sama da 95 cikin 100 na yaran da aka yi wa aiki suna tsallake watan farko.

Amma ga inda ke damuna. Don a faɗaɗa hanyar huhu, sau da yawa dole likita ya tsaga ta kan murfin da ke hana jini komawa baya. Murfin sai ya riƙa yoyo, jini na dawowa ɗakin dama, ɗakin na buɗewa a hankali shekara da shekaru. Yaro na buga ƙwallo, yana cin tuwonsa, ba alamar komai. Eko ne ke fara gani. Wasu sai an sa musu sabon murfi lokacin samartaka ko bayan sun girma, wasu bugun zuciyarsu ke rikicewa. Ko ruɓaɓɓen haƙori yana iya tura ƙwayoyin cuta zuwa wurin da aka yi aikin.

Don Allah, Hajiya, ki adana takardar sallamar asibiti kamar yadda kike adana gwal. A cikinta aka rubuta irin aikin da aka yi, kuma da ita likitan zuciyar yara a asibitin koyarwa na Kano ko Zariya zai san abin da zai duba. Ki karɓi ranar dawowa, ki kuma koma ko da yaro na cikin ƙoshin lafiya.

'Yar uwar tawa ta nemo tata takardar a ƙasan akwati, an ba su ranar eko mako mai zuwa. Ku sa yaron a addu'a.

A gaida gida.