Alhamzar 'yan kasuwa ta hana ni barci

Hirar da na naɗa da masu sayar da yadi a kasuwar Ƙofar Wambai tana ajiye a sabar da nake haya, wato wata kwamfuta ta nesa da ake ajiya a cikinta ta intanet, da sunan da na ba ta da hannuna: Hirar 'yan kasuwa.mp3. Daren Talata na zo jawo ta zuwa tsohuwar kwamfutata da scp, umarnin da ke kwafo fayil daga wata kwamfuta zuwa wata, sai bash, manhajar da ke karanta umarnin da ka rubuta, ya ce wai ya kai ƙarshen layi bai ga inda aka rufe alamar zance ba. Na saka sunan cikin alamar zance, na sake. Haka dai. Har kusan ƙarfe ɗaya ina zargin harafin ƙ da ke sunan jakar da fayil ɗin yake ciki, ashe bawan Allah ba ruwansa. UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, na ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau.

Mai laifin ita ce 'yar alhamzar nan ta 'yan. A wurinmu harafi ce, a wurin bash buɗe zance ce. Tsohon scp kuma ba kai tsaye yake neman fayil ba, miƙa sunan yake wa bash ɗin can sabar. Wato sau biyu ake karanta shi. Bash ɗin wajena ya cinye alamar zancen da na sa, na can ya tarar da sunan tsirara, ya ɗauki alhamza a matsayin zance da ba a rufe ba. Dole sai an yi masa riga biyu, wato alamar zance cikin alamar zance:

scp -T "saba:\"Hirar 'yan kasuwa.mp3\"" .

Wannan -T ɗin ma sai da na sha wuya kafin na gano shi, domin tun fitowa ta 8.0 ta OpenSSH, manhajar da scp ke zuwa a cikinta, scp kan duba ko sunan da aka aiko ya dace da wanda ka nema, rigar biyu kuwa na rikita shi, -T kuma shi ke kashe wannan dubawar.

Abin haushin, an riga an gyara. A Afrilun 2022 OpenSSH 9.0 ya mayar da scp kan SFTP, hanyar da ba ta miƙa sunan ga bash ɗin can, alamar zance ɗaya ta wadatar. Kwamfutata ce ta maƙale a tsarin aiki na Ubuntu 20.04 mai OpenSSH 8.2. Da rsync -s, wani umarnin kwafo fayil, na ɗauka ma da tuni na kwanta.

Wani abokina ya ce in daina wahala, in rubuta yan_kasuwa kawai. Na ƙi. Haruffanmu sun sha isasshen yanka a wayoyi. Abin da na yarda na bari shi ne ɗigo biyu na lokaci, irin 10:30, tunda scp na ɗaukar abin da ya gabace su sunan saba ne sai ka fara da ./, Windows kuma ba ta karɓarsu sam.