Godiya ga Waɗanda Suka Ceto Teburin Baba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya bayan La'asar teburin marigayi Baba ya dawo gida, kuma ban ga ya dace in kwana biyu ban fito na yi godiya ba.

Duk wanda ya san zaurenmu na Rafukka a Katsina ya san teburin nan. Na maɗaci ne, falanki uku, Baba ya yi aiki a kansa tun yana malamin ofis a En'e, kafin a rushe ta a 1976. A kansa muka koyi riƙe biro. Da daminar bana rufin zauren ya fara yoyo, yara suka ɗora bokitin ƙarfe a kan teburin don tarar ruwa, ya kwana huɗu a wurin. Da aka ɗaga, sai ga baƙin zobe kamar an ɗora tukunya daga wuta, sauran saman kuma ya yi fari-fari. Hajiya ta duba, ta juya ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba.

Kafintan da na fara kira cewa ya yi a kankare shi da inji, ko a lulluɓe shi da fomeka a huta. Na kusa yarda. Allah Ya saka wa Yaya da alheri, ita ta hana, ta tura ni wurin wani dattijon kafinta a Ƙofar Marusa.

Baba kafinta, da kai zan fara. Ka zo har gida, ka shafa teburin da tafin hannu, ka ce mini: "Ɗana, inji bai san tsohon katako ba. Abin da ya ci ba ya dawowa." Ka jiƙa auduga da sifirit ka goga a ƙasan baki, inda ido ba ya kaiwa, fanish ɗin ya yi danƙo. Nan ka gane irin na da ne, mai narkewa da sifirit, don haka tsumma ma ya isa ya cire shi. Amma ka ƙi taɓa teburin sai da ya yi kwana goma yana shan iska a inuwa, ka ce rana za ta sa falankin ya lanƙwashe ko ya tsage.

Baƙin zoben, ka bayyana mini, ba datti ba ne: ƙarfen bokitin ne da ruwa suka haɗu da sinadarin da ke cikin itacen suka rina shi. Ka jiƙa garin asid ɗin da ake kira ogzalik a ruwan ɗumi, ka shafa sau biyu, ka ɗauraye, zoben ya dushe ina kallo.

Abin da ba zan manta ba shi ne kafin ka shafa. Ka nuna kusurwar dama, inda tawadar Baba ta zube shekaru da dama, ka ce: "Wannan fa? Maganin zai iya cinye shi." Na ce a bar shi. Ka zagaye wurin da ɗan buroshi a hankali kamar mai zanen lalle. Daga nan ka bi shi da samfefa mai laushi, lamba 220, da hannu, kana bin yadda jijiyar katakon ta kwanta, ba ka taɓa gittawa ba. Fanish siriri-siriri har shafi shida, kowanne sai ya bushe, sannan kakin zuma. Ko ɗan kwarmin da gwiwar hannun Baba ta yi a gefe yana nan.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci zuriyarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Kuɗin da ka karɓa bai kai rabin wahalarka ba.

Ina godiya ga yaron shagon kafintan, wanda kullum yake yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta sauka kan ɗanyen fanish. Haka mai Keke Napep ɗin da ya shimfiɗa bargo ya ɗaure teburin, ya bi hanya sannu a hankali, da maƙwabcinmu da ya hau ya canza kwanon rufin bai karɓi ko sisi ba. Allah Ya biya ku.

Da aka shigo da teburin, Hajiya ta ɗora yatsa a kan tabon tawadar, ta daɗe a tsaye, sannan ta ce a kira yara a yi wa Malam addu'a. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Baba a cikin tasa addu'ar. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.