Kwalliyar da ta hana ni shiga saba

A ofishinmu da ke Wuse, Abuja, ni ke kula da sabobi uku, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima, da ke nesa da mu. Da Emacs, manhajar gyara rubutu, nake gyara fayilolinsu ta hanyar TRAMP, ɓangarenta mai buɗe fayilolin nesa: in rubuta /ssh: da sunan na'urar, fayil ya buɗe kamar a kwamfutata yake.

Wata Alhamis na mayar da shel ɗin saba ɗaya, wato manhajar da ke karɓar umarnin da ka rubuta, zuwa wani mai suna zsh, na ƙawata alamar jiran umarni, wato abin da ke fitowa a farkon layi kafin ka rubuta komai. Na sa mata jan launi, da sunan na'urar, da agogo a gefen dama. Da dalili na yi, don na taɓa kusan goge fayil a sabar da ba ita nake nufi ba.

Washegari Emacs ya tsaya cak. SSH kuwa, hanyar shiga saba daga nesa, yana shiga lafiya lau. Na ɗora wa intanet laifi, na koma kan datar wayata, duk a banza. Bayan an sauko daga Juma'a babban injiniyanmu ya leƙo.

"Ƙanena, me ka taɓa jiya?"

"Yallaɓai, alamar kawai na gyara."

Ya sa na ɗaga tramp-verbose, saitin yawan bayanin da TRAMP ke nunawa, zuwa 6, muka karanta abin da sabar ke aikowa. A nan na gane. TRAMP shiga yake yi kamar mutum, ya jira layin da ya ƙare da $ ko # ko % ko >, shi ne shaidarsa cewa shel ya shirya. Launin da nake gani ja, a wurinsa tarin haruffan ɓoye ne, ga agogon da ya biyo bayan alamar. Yana ta jiran abin da ya riga ya iso, bai gane shi ba.

Abin da ya faranta min rai, ban rasa launina ba. TRAMP yana sanar da kansa, yana sa TERM, saitin da ke faɗa wa shel irin allon da ake amfani da shi, ya zama dumb. Layi ɗaya na sa a saman .zshrc, fayil ɗin saitin zsh, don in TERM ya zama dumb a nuna alamar $ zalla ba kwalliya:

[[ $TERM == "dumb" ]] && unsetopt zle && PS1='$ ' && return

Fayil ya buɗe nan take.

Ranar Litinin na duba sauran sabobin biyu. A .bashrc na ɗaya, wato fayil ɗin saitin shel ɗinta, na tarar da gaisuwar maraba da na rubuta tun bara, wadda ke fitowa ko ba mutum ne ya shiga ba. Ashe ita ce ta daɗe tana hana sftp, hanyar tura fayiloli, aiki a can. Na mayar da ita ƙarƙashin layin da ke duba ko mutum ne a zaune.