Alhamdulillahi an sallamo mu, ga godiyata

Salamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar aka sallamo mu daga asibiti, aikin gandar 'yata Hajiya ƙarama ya yi kyau, Alhamdulillah. Wannan shi ne na biyu, na leɓen tun tana wata 5 aka yi, yanzu kuma tana wata 13. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba ko ya turo saƙo a WhatsApp na gani na yi shiru dan Allah ya yafe min, wallahi kwanakin nan ko sunana ka tambaye ni sai na yi tunani.

Wanda bai san labarin ba, yarinyar nan da tsagaggen leɓe aka haife ta, gefen hagu har zuwa hanci, kuma gandarta ma a buɗe take ta ciki. Ranar da nas ta miƙo min ita na yi mata huɗuba hannuna rawa yake, ba zan ɓoye ba. Nono kuwa ta kasa kamawa sam, saboda babu yadda za ta zuƙa tunda iska na shiga ta saman bakin, in ta samu kaɗan ma sai ka ga yana dawowa ta hanci. Wata biyu cur mamanta na tatsa a kofi tana ba ta da ƙaramin cokali, a zaune a miƙe, ɗigo ɗigo, shayarwa ɗaya sai ta ci kusan awa, tana gamawa kuma lokacin wata ya yi. Ni ina barci ina minshari, in na farka ƙarfe 3 na dare ga ta nan zaune da tocilan waya da cokali.

Shi ya sa godiyar farko bayan ta Allah taki ce Maman Hajiya. Kuma ina neman afuwarki a gaban jama'a, don ranar suna na ji abin da wasu ke faɗa a tsakar gida, wai kin fita tsakar rana da ciki, wai husufin wata kika kalla, wata ma cewa ta yi ai wani mai lalura kika yi wa dariya. Na ji kuma na yi shiru don ni ma a lokacin ban san komai ba. Har tawul aka rufa wa yarinyar a fuska wai kar masu barka su gani, abin nan har yau yana ci min rai.

Likitan da ya yi aikin, Allah ya saka masa da alheri, shi ya zaunar da mu ya ɗauko biro ya zana mana a bayan kati. Ya ce leɓen jariri tsakanin sati na 4 zuwa na 7 na ciki yake haɗewa, ganda kuma sati na 6 zuwa na 9, wato tun mace ba ta ma gama tabbatar da tana da ciki ba an wuce wurin. Husufin da ake ta magana kuwa cikinta na wata 7 aka yi shi, to ina alaƙar? Ya ce a duniya kusan cikin haihuwa 700 ana samun 1, ko'ina ne, Turawa da 'yan Sin da mu duk ana samu, a Asiya ma ya fi yawa.

Ni da tambaya kamar ɗan jarida, na ce to Dakta me ke kawo shi. Ya ce yawanci ba a iya nuna abu ɗaya, gado ne ke haɗuwa da wasu abubuwa. Abin da bincike ya nuna yana ƙara haɗarin akwai shan taba lokacin ciki, ciwon suga da mace ke da shi tun kafin ta ɗauki ciki, da wasu magungunan farfaɗiya irin su valproate da topiramate in an sha a watanni ukun farko. Amma ya ja kunne sosai, mai farfaɗiya kar ta kuskura ta daina magani da kanta, ta je likita ya duba. Sai folik asid, ƙaramar ƙwayar nan da ake bayarwa a wajen awo, ya ce a fara ta tun kafin ciki ya fi, ba garanti ba ce kan leɓe amma tana da amfani babba ga lakar bayan jariri. Yana cikin magana sai ya ce in matso, ya ja leɓena na ƙasa yana leƙawa, na ce Dakta ai ba ni ne mara lafiyan ba. Ya yi dariya ya ce akwai wani nau'in na gado, Van der Woude, da ake gane shi da 'yan ramuka a leɓen ƙasa, ƙwayar halittar IRF6 ce ke jawo shi kuma ta wajen uba ma yana zuwa. Bai dai ga komai ba, amma da zai yiwu da na ɗauko masu zancen husufin nan sun ji da kunnensu. Har ya ba ni labarin wani ɗan Najeriya, Farfesa Azeez Butali a jami'ar Iowa ta Amurka, da ke binciken gadon wannan lalura a tsakanin 'yan Afirka, da iyalai daga Najeriya da Gana da Habasha.

Aikin farko sau biyu ana ɗaga mana, don sai yaro ya kai sati 10, nauyi wajen kilo 4 da rabi, awon ƙarfin jini (Hb) kuma ya kai 10 kafin su yarda su sa shi barci, tamu kuwa nauyin ne ya ƙi. Kuɗin tiyata ko sisi ba mu biya ba, ƙungiyar Smile Train ce ta ɗauki nauyi, Allah ya biya su. Mu namu kuɗin mota ne da abinci da 'yan ƙananan abubuwa.

Wani abu kuma da ban zata ba, da aka fito da ita bayan ɗinkin leɓe sai na ji kamar an canza min 'ya, na saba da wannan faffaɗan murmushin nata. Mamanta ma ashe haka ta ji, sai bayan sati ta faɗa min.

Godiya ga nas-nas ɗin ɗakin yara, musamman ta dare wadda ta koya mana yadda za mu hana ta kai hannu baki. Hajiyata da aka yi wa takwara, Allah ya ƙara girma, ita ta fara tsawatar wa masu surutu. Surukata Inna da ta bar gidanta ta kwana a tabarma a baranda kwana 6. Yaya da ya ba mu motarsa har da mai a ciki, abokan kasuwa da suka riƙe min shago, Malam da jama'ar masallacinmu da suka yi ta addu'a, Allah ya bar zumunci.

Da sauran tafiya, za a riƙa duba kunnenta don irinsu ruwa kan taru musu a kunne, sai koyon magana, sannan in ta kai shekara 8 zuwa sama wataƙila a yi mata dashen ƙashi a dasashi. Yanzu dai kunu mai ruwa ruwa kawai take sha, don haka masu zuwa dubiya dan Allah kar a miƙa mata biskit a ɓoye. Sannan mai shuɗin fulas ɗin nan da aka kawo mana shayi ranar Talata, yana wajena, na rasa na waye.